Ƙasar Birnin Kano da Tsire-tsirenta: Tarihin 'Yan Gida da Baƙi

Duk wanda ya saurari sunayen unguwannin Kano da kunnen basira zai ji kamar ana lasafta masa itatuwan wani daji ne. Ga Kurna, ga Ɗorayi, ga Giginyu, ga Kawo. A cikin birni kuma ga Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Kasuwar Rimi, balle Kasuwar Kurmi ita kanta. Amma in ya tashi ya tafi waɗannan wurare don ya ga itatuwan da suka ba su suna, galibi abin da zai tarar a bakin hanya da ƙofofin gidaje shi ne dogon yaro, itacen da bai cika shekara ɗari da shigowa ƙasar nan ba. Bayanin da aka saba yi shi ne baƙo ya zo ya kori ɗan gida. Wannan bayani yana da daɗin faɗi, amma a ganina ya bar muhimmin abu a baya, watau ƙasar da a ke takawa. Ita ce ta fara sākewa, sa'an nan tsire-tsire suka bi ta. Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne yadda mutanen Kano suka yi ta sāke ƙasar birninsu tun zamanin dā, da irin abin da kowane sauyi ya raya, da abin da ya kashe.

Mu fara da abin da mutum ya tarar. Ƙasar da ke kewaye da Kano yawancinta jigawa ce, rairayi mai laushi wanda iska ta kwaso ta shimfiɗa bisa dutse tun zamani mai nisa. Ba ta da nauyi, ruwa yana ratsa ta da sauri, tana da ɗan tsami kaɗan, abincin shuka kuwa ba ya daɗewa a cikinta. A wasu wurare akwai marmara, a kwaruruka kuma akwai fadama. Irin wannan ƙasa, da damina ta wata huɗu zuwa biyar, ita ce ta haifi kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya da kanya da kurna da aduwa, itatuwa masu jinkirin girma, waɗanda yawancinsu su kan fara zura saiwa ƙasa kafin su ɗaga kai sama. An sami alamun narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma narka tama yana cin gawayi mai yawa, sabo da haka gatari ya daɗe yana aiki a nan. Duk da haka littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa cikin 1908, ya nuna a zamanin Barbushe akwai kurmi a Jakara wanda mutane ke girmamawa, da itacen tsafi da aka kewaye da gini. Littafin ya ce sai a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka sare itacen tsafi aka gina hasumiya a gurbinsa. Rumfa ɗin ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Sunan ya zauna, kurmin ya tafi.

Daga sa'ad da Sarki Gijimasu ya fara ganuwa, wajen farkon ƙarni na 12, ƙasar cikin birni ta rabu da ta waje, ta zama aikin hannun mutum. Mai karatu ya tuna yadda a ke ginin ƙasa. Ana haƙa rami a ɗebi ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa, a yi tubali. Ramin ya zama kududdufi. Ruwan sama ya yi ta zaizaye soro har ya faɗi, a baje shi a yi sabon gini a kansa. A kan wannan kuma kowace rana ana zuba toka da shara da kashin dabbobi da ƙasusuwa, ga katsi daga marina, ga ruwan majema. Bayan ƙarni shida ko bakwai na irin wannan, daben birni ya ɗaga sama, ƙasarsa ta yi duhu, ta yi ƙarfi, ta bar tsamin jigawa ta koma ɗabi'ar kanwa, gama toka haka ta ke yi wa ƙasa. Manoma sun san wannan tun kafin masana su auna shi: shi ya sa su ke son noman kufai, shi ya sa kuma in matafiyi ya hango kukoki sun taru wuri ɗaya a daji ya kan ce dā akwai gari a nan.

Amma kada a zaci birnin cike ya ke da gini. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano cikin Janairu 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, ya ce abin da gidaje suka ci bai wuce rubu'in filin da ke ciki ba. Saura gonaki ne da lambuna, ga kuma fadamar Jakara ta raba gari biyu. Heinrich Barth, wanda ya zo cikin Fabrairu 1851, ya hau Dala ya ga dabino da gwanda suna leƙowa daga tsakanin gidaje, ya kuma yaba alilliba. Watau a cikin ganuwa ɗaya akwai ƙasa iri-iri: jigawar gona, laka ta bakin kududdufi, juji mai toka, daɓen kasuwa da ƙafa ta tattake, da gangaren ganuwa inda ba a noma. Kowace da nata tsiro. Kainuwa a kan ruwa, zurma da gasaya a juji, tsidau a hanya, durumi da ceɗiya a dandali, gama su da reshe a ke dasa su. Yawan irin ƙasa shi ne ya kawo yawan irin tsiro, kuma wannan ita ce ƙa'ida ta farko da tarihin ya koya mana.

Abu na biyu shi ne birnin ba ya riƙe ƙazantarsa. Da rani jakuna su kan fita ta ƙofofi da mangala cike da taki, su komo da itacen wuta da kara. M. J. Mortimore da J. Wilson, a binciken da sashen labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga cikin 1965, sun bayyana yadda wannan taki ya sa a ke noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba hutu, ga jama'a jingim, ga kuma itatuwa tsaye a cikin gonakin. Ba don sha'awa aka bar itatuwan ba. Kowane yana da mai tsaron sa a cikin birni. Majemi yana bukatar bagaruwa. Magini yana bukatar makuba daga ɗorawa don yaɓe, da azara daga giginya don rufi. Mai daddawa tana bukatar kalwa, mai miya tana bukatar kuka, mai kunu tana bukatar tsamiya, mai kiwo yana bukatar 'ya'yan gawo a lokacin da ciyawa ta ƙare. Gawo kuwa shi da dabbobi taimakon juna su ke yi, don ƙwayarsa mai tauri ta fi saurin tsira in ta bi ta cikin tumbin akuya ko saniya ta fita tare da taki. Itacen da ya ke da kasuwa yana da mai shi, wanda ya ke da mai shi kuwa ba a sare shi a banza.

A cikin wannan tsohon tsari baƙi sun riga sun shigo, sun kuma zauna lafiya. A nan ne ɗalibin harshe ya ke da abin cewa wanda masanin tsirrai ba shi da shi, domin Hausa ta ajiye shaidar shigowarsu a cikin sunaye. J. M. Dalziel, likita ne, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga cikin 1916, kuma wanda ya bi irin waɗannan sunaye zai ga wata ɗabi'a tana maimaituwa: in baƙon tsiro ya zo, sai a ba shi sunan ɗan gidan da ya fi kama da shi, a liƙa masa sunan inda a ke zaton ya fito. Zogale, wanda asalinsa Hindu ne, an kira shi bagaruwar Makka, an kira shi rimin Turawa. Wani itacen inuwa daga Asiya aka ce masa kurnar Nasara. Masara ta ɗauki sunan Masar, ko da ya ke asalinta Amurka ne. Mafi ban sha'awa ita ce gwanda. Wadda Barth ya gani ita ce gwandar Masar, baƙuwa daga Amurka. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ta mallake sunan ita kaɗai, 'yar gida ce ta koma ana ce mata gwandar daji. Akasin haka ya faru ga tsamiya, wadda asalinta na nan Afirka ne, amma Larabawa suka jingina ta ga Hindu, sunan ya bi duniya a haka.

Tare da waɗanda aka kawo da gangan, kamar rogo da gyaɗa da barkono da taba, akwai waɗanda suka biyo kaya ba a gayyace su ba. Kashin yawo daga Amurka ta Kudu ya ke, ƙayarsa tana maƙale wa jelar dabba da bakin zane, sunansa ma ya faɗi halinsa. Kwarko daga Meksiko ya ke. Rai ɗore da namijin zaƙi banza su ma daga wancan ƙetaren su ke, masana da yawa kuma suna sa tafasa a cikinsu, ita da ta ceci rayuka a shekarun yunwa har ba wanda ya ke yi mata kallon baƙuwa. Cin da zugu, wanda Fotugis suka tsallako da shi, ya zama shinge. Wanda ya raɗa masa suna lalle ya san abin da 'ya'yansa su ke yi wa mai ci. To, a lura da inda waɗannan su ke tsira: juji, bakin hanya, masaukin dabbobi, gefen kasuwa. Dukansu masu son ƙasar da aka motsa ne, mai yawan naitirojin, wadda rana ke bugu. Ba su ratsa daji suka ƙwace shi ba. Birni ne ya yi musu shimfiɗa, mangalar taki kuma ta kai irinsu gona.

Don a gane wannan sarai ya kamata mu leƙa wani birni inda aka auna al'amarin da kyau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare cikin 1945, tsakiyar Balin ta Jamus ta zama tudun ɓaraguzai. Ƙasar wurin asali rairayi ce mai tsami, kamar tamu, amma ɓarɓashin bulo da farar ƙasa ya mai da ita busasshiya, mai zafi, mai ɗabi'ar kanwa. Masana tsirrai na birnin, Hildemar Scholz da Herbert Sukopp da ɗalibansu, suka yi shekaru suna rubuta abin da ya tsira a kai. Suka ga wata ciyawa ta ƙasashen Bahar Rum ta bazu a kan ɓaraguzan, wani itace daga Sin da wani daga Amurka ta Arewa sun yi kurmi inda dā gidaje ne. Da aka ƙidaya sai aka tarar a tsakiyar birni kusan rabin ire-iren tsirrai baƙi ne, a gefen gari kuwa ba su kai sulusi ba. Suka kuma lura da wani abu wanda ya ba mutane mamaki: jimlar ire-iren da ke cikin birni ta kan fi ta gonakin da ke kewaye da shi, sabo da yawan irin ƙasa. Masanan Turai sun saba raba baƙi gida biyu, waɗanda suka zo kafin 1492 da waɗanda suka zo bayanta, kuma wannan rabo yana da amfani gare mu: zogale da dabino da lalle ba tafiyarsu ɗaya da kwarko ba. Sun kuma bambanta baƙo da mai mamaya. Yawancin baƙi ba sa mamaye kome. Kaɗan ne su ke bazuwa har su danne wasu.

Sauyin da ya fi girma a Kano ya fara bayan Turawa sun ci birnin ran 3 ga Fabrairu 1903. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, aka yanka Sabon Gari cikin 1913, Nasarawa da Bompai suka zama mazaunin Turawa, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don tsoron sauro. Hanyar jirgi da ta mota sun zo da irin ƙasar da ba a taɓa gani ba: marmara da tsakuwa da aka zuba aka daddanne. Ma'aikatan gandun daji suna neman itacen da zai yi inuwa da wuri a irin wannan wuri, ya kuma ba da itacen wuta. Suka same shi. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina ko bedi, ɗan Hindu ne da Bama; ya fara zama a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, daga can aka kawo shi Barno cikin 1928, shekara 12 bayan littafin Dalziel. Bai ɗauki sunan wani ɗan gida ba. Saurin girmansa ne ya raɗa masa suna.

Halinsa ya dace da sabuwar ƙasa. Yana jure tsakuwa da tauri da fari da gishiri kaɗan. Abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Ganyensa yana da ɗaci, dabbobi ba su cika damunsa ba sai in sun rasa abin ci, alhali ɗan ɗorawa ko ɗan kuka in ya leƙo akuya ba ta barinsa ya kwana. Cikin 'yan shekaru ya kan fara 'ya'ya, tsuntsaye da jemagu su sha su yar da ƙwallon a gindin duk itacen da suka sauka. Shi ya sa sau da yawa a kan ga matasan dogon yaro sun kewaye tsohuwar tsamiya ko kanya kamar fadawa, suna jiran ta faɗi. Bayan farin 1973 gwamnatoci suka ƙara ƙarfi wajen dasa shi, shi da turare na Ostareliya, don kare iska. A kwarin Majiya ta Nijar an fara irin wannan dashe cikin 1975. Ba na cikin masu zaginsa. Garuruwa da yawa na arewa, Maiduguri a kan gaba, da ba don shi ba da rana ta gasa su. Laifin da za a ɗora, in akwai, na masu gandun reno ne da suka ga sauƙinsa suka yi ta raba shi shi kaɗai.

Amma abin da ya karya 'yan gida ya fi dashen dogon yaro zurfi. Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum wajen dubu 130, ta 1963 kusan dubu 300, yau kuwa ana maganar miliyoyi. Gonakin cikin ganuwa suka zama gidaje, na waje suka zama fuloti. Siminti da kwano suka maye gurbin tubali da azara, sai makuba ta rasa mai saye, giginya ta rasa mai reno. Manyan majemu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka koma jima da kuromiyam, bagaruwa ta zama ta ƙananan majema kaɗai, ruwan da ke fita daga masana'antu kuma ya bi rafin Getsi da Chalawa. Masu bincike sun yi ta samun kuromiyam da dalma a ƙasar lambunan da a ke ban ruwa da shi a bakin Jakara. Takin zamani ya yawaita daga shekarun 1970, leda kuma ta cika shara daga shekarun 1980, har takin birni ya zama sai an tsince shi kafin a zuba a gona. Kududdufai, waɗanda ke tare ruwan damina su bar shi ya nitse, aka yi ta cike su da shara ana gini a kai. Ƙasar da ta rage a sarari, tsakanin kwalta da kwalbati da dakali, ta zama iri ɗaya ko'ina: mai tauri, mai ɓarɓashin siminti, mai ɗabi'ar kanwa, wadda ruwa ke gudu a kanta maimakon ya shige. Tsohuwar ɗorawa tana iya tsayawa a irin wannan wuri shekara talatin da ƙarfin saiwar da ta yi tun dā, mutane su yi zaton lafiya lau, alhali ba ta da magaji ko ɗaya a gindinta.

Akwai shaidu biyu da ke ƙarfafa cewa hali ne na wuri ya ke yin mai mamaya, asali ba ya isa. Tumfafiya 'yar gida ce, amma ita ce ta fi kowa cika fulotin da aka kankare da gonar da ta gaji. A Ostareliya da Barazil kuwa ita ce baƙuwar da a ke yaƙi da ita. Kacalla ma ta daɗe a fadamun ƙasar nan ba ta dami kowa ba, sai da madatsar Tiga ta 1974 da ta Chalawa ta 1992 suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani a Kogin Haɗeja, sa'an nan ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki har Nguru. A ɗaya gefen kuma, binciken da aka buga cikin 1990 a kan itacen wuta na Kano ya nuna itatuwan gonakin da ke kewayen birni ba su ƙare ba kamar yadda a ke tsoro, domin inda ƙasa ta zauna gona, mai ita kuma yana cin amfanin itacen, yana tsaron sa.

A cikin birni wuraren da suka tsira daga wannan daidaitawa kaɗan ne, kuma duk inda ba a kankare ƙasa ba ne: tsofaffin maƙabartu, harabar makarantu da barikoki da aka killace tun zamanin Turawa, gangaren Dala da Gwauron Dutse, da abin da ya saura na ganuwa. A nan ne har yanzu a kan tarar da aduwa da magarya da kurna da sabara suna tsira da kansu, a nan ne kuma malamin kwalejin horon malamai zai iya kai ɗalibansa da igiya da kwalba, su auna fili taku goma a maƙabarta da taku goma a bakin kwalta, su zuba ruwa su ga wanne ya fi saurin shanye shi, su rubuta sunan kowane tsiro da Hausa, su tambayi dattawan unguwa wanne suka tashi suka gani, wanne ya zo a idonsu. Ganuwar ita ce ta fi gaggawa. Ƙasarta tun ta zamanin Rumfa da Muhammadu Nazaki ce, wanda ya ƙara faɗinta a farkon ƙarni na 17, kuma a wurare da yawa an riga an baje ta an yi shaguna.